Shekara biyu ina aiki da rumbun ACLED a digirina na biyu

Ranar da na kai wa malamin da ke duba aikina takardar shawarar bincikena, shafi uku kawai ya karanta ya ajiye biro. Ya ce, "Malama, kin rubuta cewa hare-haren 'yan bindiga sun ƙaru a Zamfara. Daga nawa zuwa nawa? A wace ƙaramar hukuma? Wa ya ƙirga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya sani." Ya ce abin da kowa ya sani ba ya ba da digiri, in je in nemo wanda ya ƙirga. A bayan takardar ya rubuta mini haruffa biyar: ACLED.

Ni haifaffiyar Gusau ce, malamar sakandare, na koma karatun digiri na biyu a kimiyyar siyasa da niyyar ƙwarewa a fannin tsaro. Kundina a kan ta'asar 'yan bindiga ne a Zamfara daga 2018 zuwa 2022. Tun daga wannan rana har na kare kundin, kusan shekara biyu, babu makon da ban buɗe wannan rumbu ba. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannenmu da ke shirin shiga wannan fanni, don a zangon farko za a cika ku da ka'idoji, a koya muku yadda masana suka faɗaɗa ma'anar tsaro daga tsaron iyaka zuwa tsaron ɗan Adam, kamar yadda rahoton Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1994 ya kawo. Duk wannan yana da daɗi a aji. Sai an zo babi na huɗu, inda ake neman alƙaluma, ɗalibi yake gane cewa hannunsa wayam yake.

ACLED rumbu ne a intanet da ke tattara rahotannin tashin hankali na siyasa da zanga-zanga. Farfesa Clionadh Raleigh ce ta fara shi a 2005 lokacin tana aikin digirinta na uku, daga baya ya zama ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Bayanan Afirka a cikinsa sun faro daga 1997, kuma duk mako ake ƙara sababbi. Lokacin da na yi rajista ban biya ko kwabo ba. Na cike fom, na faɗi cewa ni ɗaliba ce, aka ba ni lambar shiga, na zaɓi Nijeriya da shekarun da nake so, na sauke fayil ɗin da Excel ke buɗewa. Idan makarantarku ta ba ku adireshin imel, da shi za ku yi rajista, kuma ku karanta sharuɗɗansu, musamman na ambaton sunansu a duk inda kuka yi amfani da bayanan.

Abin da na gani da fayil ɗin ya buɗe shi ne dubban layuka, kowane layi aukuwa guda. Ga rana, ga jiha, ga ƙaramar hukuma, ga gari, ga lambobin da ke nuna wurin a taswira, ga ɓangarorin da abin ya haɗa, ga kafar da ta ba da labarin, ga taƙaitaccen bayani, ga adadin waɗanda aka ce sun mutu. Sun kasa aukuwa gida shida: artabu tsakanin masu makamai, fashewa da harin nesa irin na jirgin sama, farmaki kan fararen hula, zanga-zangar lumana, tarzoma, sai kuma wasu muhimman sauye-sauye da ba lallai a zubar da jini ba, kamar sulhu ko kwasar ganima. Na tace Zamfara kaɗai. Sunayen da na tashi ina ji a bakin 'yan kasuwa da direbobin tasha suka jeru a gabana: Zurmi, Shinkafi, Maradun, Tsafe, Birnin Magaji, Ɗansadau. Na daɗe ina kallon allon ban taɓa komai ba. Mahaifiyata 'yar yankin Ɗansadau ce.

Alherin farko da na samu shi ne na daina magana a dunƙule. Zamfara ƙananan hukumomi 14 ce, kuma wutar ba ta ci ko'ina daidai ba, ba ta kuma ci a lokaci guda ba. Da na jera bayanan wata-wata, na iya ɗora su a kan abubuwan da gwamnati ta yi: haramta haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, sulhun da Gwamna Bello Matawalle ya yi da 'yan bindiga a wannan shekarar, rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako da hana sayar da fetur a jarka a 2021, sannan ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda da gwamnatin tarayya ta yi a Janairun 2022. Maimakon in ce sulhu ya yi amfani ko bai yi ba bisa son raina, sai na riƙa tambayar a ina ya lafa, har tsawon wane lokaci, kuma ina wutar ta koma. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni aiki, domin ɗan bindigar da ya ajiye makami a wannan daji sau da yawa hawa babur yake yi ya tsallaka Katsina ko Sakkwato ko Neja.

A nan ne alheri na biyu ya fito, wanda ban yi tsammani ba. Tsarin da masu rumbun suke rubuta Nijeriya da shi, da shi suke rubuta Nijar. Na sauke bayanan jihar Maraɗi na haɗa da nawa, sai ga Madarunfa da Gidan Rumji a kan taswira ɗaya da Jibiya da Sabon Birni da Isa. Mu a Nijeriya ba ma karanta jaridun Faransanci, su kuma can ba kasafai suke bin namu ba, alhali daji ɗaya ne, shanun da ake korawa ɗaya ne, kuma dubban mutanenmu sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Karatuna na tsaron ƙasa da ƙasa bai zama na ƙasa da ƙasa ba sai ranar da na ga iyakar nan a matsayin zare siriri tsakanin ɗige-ɗige masu kama da juna. Da manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce, na zana taswirorin. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, a cikinsa na koyi amfani da ita, da daddare bayan yara sun kwanta.

Wani abin da ya ƙara mini yarda da su shi ne ba sa ɓoye inda suke da shakka. Kowane layi yana da lamba daga 1 zuwa 3 da ke nuna ƙarfin tabbacin wurin. Lamba 1 tana nufin an san ainihin garin. Lamba 2 tana nufin a kusa da shi ne, sai aka jingina abin ga gari mafi kusa. Lamba 3 kuwa labarin bai faɗi komai ba sai babban yanki, sai a ɗora ɗigon a kan babban birni. Haka ma kwanan wata. Ɗalibin da bai kula da wannan ba zai zana taswira ya ga Gusau ta yi ja, ya rubuta cewa babban birnin jiha ya fi ko'ina hatsari, alhali wasu daga ɗigogin nan na ƙauyukan da ɗan jarida bai ambaci sunansu ba ne. Akwai littafin ka'idojinsu a shafin, mai tsawo, da Turanci mai ɗan nauyi. Ku buga shi a takarda ku karanta kafin ku taɓa alƙalumman. Ni sau uku na bi shi, kuma a karo na ukun ma na tsinci abin da ya wuce ni.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, domin a nan ne kundin mutum ke zama aikin ilimi ko ya zama tarin lambobi. Rumbun nan yana ƙirga abin da aka ba da rahotonsa ne. Jaridu, kafafen labarai, rahotannin ƙungiyoyi, da abokan hulɗa na cikin gida, daga nan suke ɗebowa. Abin da bai fito daga bakin kowa ba zuwa takarda, ba shi da layi. Su da kansu sun faɗi haka, har sun ce adadin mamata shi ne ɓangaren da ya fi kowane rauni a duk bayanan rikici, kuma ka'idarsu ita ce su ɗauki adadi mafi ƙanƙanta da za a iya dogara da shi in an samu saɓani. Duk wanda ya tuna kisan da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 ya san girman saɓanin da ake magana: gwamnatin jiha ta ce mutum 58, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Tsakanin 58 da 200 akwai gidaje da yawa.

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. An ce na mako biyu ne, ya zarce watanni a wasu wuraren. Ina Gusau a lokacin, sai mun aika yaro a mota zuwa Funtuwa da saƙonni a rubuce kafin a buga waya. To ɗan jaridar da ke Kaduna ko Abuja, wanda da ma ta waya yake jin abin da ya faru a ƙauye, ta ina zai ji? Wanda ya rage da bakin magana a makonnin nan shi ne mai fitar da sanarwar hukuma. Saboda haka duk abin da kowane rumbu na duniya ya nuna na waɗannan watanni, sai an karanta shi da sanin cewa ƙauyawa ba su da hanyar kai kuka. Na ware wa wannan batu shafi huɗu a babin hanyoyin bincike, kuma a ranar kare kundi a kansa mai jarrabawar da ya zo daga wata jami'a ya fi tsayawa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini sauran. Ya baro ƙauye da iyalinsa ya tare a wani kango a bayan gidanmu. Wata rana da yamma na buɗe kwamfuta na nuna masa taswirar yankinsu, na ce, "Kawu, ga hare-haren da aka rubuta a wajenku." Ya sa tabarau ya duba, ya tambaye ni ina ƙauyensu yake, na nuna masa fili fari babu ɗigo ko ɗaya. Ya ce, "Ɗiyata, ai mu ba a kawo muna hari, don mun biya." Sai ya ƙirga mini. Kuɗin da aka aza wa gari kafin a bari su yi shuka. Wani kuɗin kafin a bari su girbe. Kwanakin da ake kwasar samari su je su nome gonar ɗan bindiga kafin su taɓa tasu. Buhunan da ake kai wa daji. Matan da ba sa zuwa rafi sai da rakiya. Babu harbi, babu gawa, babu jarida, don haka babu layi. Ba laifin masu rumbun ba ne, babu inda aka rubuta abin balle su ɗauko. Amma da na miƙa taswirar nan yadda take, da na shaida wa duniya cewa ƙauyen kawuna yana zaune lafiya.

Daga baya na gane cewa masana sun daɗe da sanin wannan. Stathis Kalyvas, wanda ya yi nazarin yaƙe-yaƙen basasa, ya nuna cewa inda ɓangare guda ya mallake wuri gaba ɗaya, kisa yakan ragu, domin ba ya bukatar kashe wanda ya riga ya miƙa wuya. Na karanta wannan a aji na ci jarrabawa a kai, amma ban fahimce shi ba sai a bakin kawuna. Fili fari a taswira yana iya zama zaman lafiya, yana iya zama mulkin daji, yana iya zama rashin sabis. Lamba ba za ta bambance maka su ba, sai mutumin wurin.

Garkuwa da mutane ma tana bukatar kulawa. Akwai gurbin adadin mamata, amma babu gurbin adadin waɗanda aka sace, sai dai ka shiga taƙaitaccen bayanin ka karanta. Ke nan ɗaukar 'yan matan makarantar Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021, waɗanda aka sako 279 daga baya, aukuwa guda ce, kamar yadda ɗaukar manomi ɗaya a gonarsa take aukuwa guda. Wanda ya ƙirga layuka kawai zai daidaita su. Dole na bi bayanan ɗaya bayan ɗaya na buɗe nawa gurbin na rubuta adadin da hannu, aikin da ya ci mini kusan wata biyu. Kuɗin fansa kuwa, wanda shi ne ya tsiyata gidaje ya sa aka sayar da gonaki da shanu, da wuya ka same shi, don iyalai ba sa faɗa.

Sai batun suna. A gida mun san bambanci tsakanin ɗan bindiga, da ɗan sa-kai, da ɗan banga, da makiyayin da aka kore wa shanu, kuma mun san dabobin 'yan bindiga na daji ba abu ɗaya ba ne, kowace da ubanta, har faɗa suke yi da juna. Jarida kuwa takan ce "'yan bindiga" ta wuce. Mai shigar da bayani ba zai iya sanin abin da jarida ba ta faɗa ba, sai ya sa su a ƙarƙashin suna na gama-gari, mayaƙan yanki kaza ko masu makamai da ba a tantance ba. Ku yi hattara a nan, musamman inda aka jingina suna ga ƙabila. Kada ku ɗauki lakabin da aka sa don sauƙin ƙirga ku mayar da shi hukunci a kan al'umma. Na ga ɗalibai sun yi haka a taron gabatar da takardu, raina ya ɓaci, domin a ajinmu na sakandare ina koyar da 'ya'yan Hausawa da na Fulani da duk aka raba da gidajensu.

Na gwada wasu rumbunan don in auna. Na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin ya fi tsanani wajen tantancewa, yana da sharaɗin mutuwar mutum 25 a shekara kafin ya lissafa rikici, kuma ya fi son a san ɓangarorin da suna, don haka bai kama ƙananan abubuwan da nake nema ba, sai dai ya fi dacewa da mai kwatanta ƙasashe a tsawon shekaru. Nigeria Watch, wanda ke bin jaridun ƙasar nan tun 2006, yana lissafa mace-macen tashin hankali har da na hatsarin mota da fashi, ya taimake ni wajen duba wasu ranaku. Amma ACLED ne ya zama ginshiƙi, saboda yawan bayani a kowane layi da saurin sabuntawa.

Abin da na yi a ƙarshe shi ne na raba aikin gida biyu. Alƙaluman suka ba ni ƙashin baya: yaushe, a ina, wane iri. Sannan na zauna da mutum 23 da suka yi gudun hijira zuwa Gusau, maza da mata, bayan na samu izinin sashenmu kuma na yi musu alkawarin ba zan rubuta sunansu ko na ƙauyensu ba. Ban shiga daji ba, kuma ba na ba kowane ɗalibi shawarar ya shiga. Duk inda maganarsu ta yi daidai da taswira na faɗa, inda ta saɓa na faɗa, kuma wuraren saɓanin su ne suka zama babi mafi ƙarfi a kundin. Malamina da ya karanta shi ya ce, "Malama, yanzu kin amsa tambayata."

Ga mai niyyar fara wannan karatu, a gida ko a waje, ina ganin ya buɗe rumbun tun kafin ya samu gurbi. Ya zaɓi jiharsa ko ƙaramar hukumarsa, inda ya sani da idonsa, in sharuɗɗansu sun ba shi dama ya sauke shekara guda ya karanta layi-layi. Zai koyi tace bayanai a Excel, zai ga yadda ake mayar da labari lamba, kuma zai samu tambayar bincike ta gaske da zai sa a takardar neman gurbi ko tallafin karatu, maimakon jimlolin nan na "rashin tsaro ya addabi Arewa" da kowa ke rubutawa. Ba ya bukatar babbar kwamfuta, tawa tsohuwa ce da na saya ta hannu. Fayil ɗin ba ya cin data sosai, kuma da zarar ka sauke shi ba ka bukatar intanet, abin da ya cece ni a ranakun da sabis ke ɗaukewa. Ka riƙa rubuta ranar da ka sauke, domin suna gyara tsofaffin layuka idan sabon bayani ya fito, kuma mai jarrabawa yana iya tambayarka dalilin da ya sa adadinka ya bambanta da na wani. Darasin hanyoyin bincike kuma, wanda ɗalibai ke gudu saboda lissafi, ku zauna a layin gaba.

Ina shirin neman digiri na uku a kan harajin da 'yan bindiga ke aza wa manoma, kuma zan sake komawa ga ACLED don in gano wuraren da suka yi tsit bayan sun daɗe suna ci da wuta, in fara tambaya daga can. Kawu ya koma ƙauye da daminar bana shi kaɗai, ya bar iyali a wajenmu. Ya ce in an yi girbi zai zo ya faɗa mini nawa aka aza musu.